Baƙon da Na Kai Bakin Rijiyarmu

Na kai wani baƙo mai babban babur bakin rijiyar garinmu. Gari ya watse. Da aka tambaye ni ko na san shi, na ce ban san shi ba. Wannan ya faru a damina ta ƙarshe kafin a hana hawa babur a ƙasarmu.

Lokacin ina kabu-kabu tsakanin Filingue da ƙauyukan arewa. Ina ɗaukar mutum, ina ɗaukar buhu, na taɓa ɗaukar gawa ma a ɗaure a bayana. Gidana da gonata suna ƙauye, tafiyar awa biyu da rabi in ƙasa ta bushe. Nakan kwana biyu a tasha, in kwana ɗaya a gida.

Ran Litinin ne, washegarin kasuwa. Sarkin tasha ya aiko a kira ni. Na tarar 'yan mutanen da ke wurin duk sun zagaye wani abu. Babur ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Tsayinsa ya kai maraƙi, akwatin ƙarfe dama da hagu, taya mai ƙuraje kamar ta motar soja. Mai shi yana zaune a benci yana shan shayi. Baƙar fata ne kamar mu, kakkaura, da furfura a gemu. Hausa yake yi, irin mai laushin nan ta 'yan Kurmi.

Sarkin tasha ya ce, "Ga baƙo daga Kumasi. Garin Tawa za shi. Ruwan shekaranjiya ya yanke hanya gaban mararrabar Abala. Kai kas san hanyar daji. Kai shi Sanam, daga can hanya na da kyau."

Na ce, "Mi zai yi Tawa?"

Baƙon ya amsa da kansa. "Ba komai, maigida. Daga Tawa in wuce Agadas, in juyo."

"Agadas wurin wa?"

"Ba wurin kowa ba. Hanya nake so in gani."

Mutane suka yi dariya. Shi ma ya yi. Ni ban yi ba.

Mu ke zuwa Kumasi. Babana ya je, yayyena biyu sun je, ɗaya can aka binne shi. Neman abin da za a ci ke kai mu. Ban taɓa jin wanda ya baro Kumasi, da ruwan famfo da lantarki, ya ƙona man kwana goma don ya zo kallon ƙaya da duwatsun ƙasarmu ta Kurfey ba. Mutum yakan yi tafiya don biki, ko ta'aziyya, ko fatauci, ko gudu. In ya ce ba ko ɗaya, to akwai wani dalilin da ba ya son faɗi.

Akwai abin da ya sa ba na son baƙo mai yawan dariya. Shekara biyu kafin wannan, muna dawowa daga kasuwar Abala a bayan wata tsohuwar mota, masu babura suka tare mu. Wanda ya nuna musu wa da wa za a sauke, mutum ne da ya shiga motar nan tare da mu sati biyu a jere, yana raba goro, yana tambayar kowa sunansa da garinsu. Na fita da rai domin na faɗa kwazazzabo, sun ɗauka na mutu. Yatsu biyu na hannun hagu can na bar su. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan.

Bayan haka ne garinmu ya kafa doka. Mai gari kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ya tara maza a masallaci ya faɗa. Babura shida ne a garin, kowa ya san kukan kowanne, har yara. In ka dawo kai kaɗai, ka danna oda sau biyu daga gindin gawon da ke bakin gonaki, ka shigo a hankali. In kana tare da baƙo, ka kashe inji daga gawon, ku sauka, ku buɗe fuska, ku turo da ƙafa har ƙofar mai gari. A nan, gaban mutane, za ka ce ka san shi. In ka faɗi haka, ka tsaya masa da gidanka da gonarka. In ya jawo wa gari wani abu, kai za ka tashi, gonar ta koma hannun dangi.

Gonata ta yi kyau a shekarar. Gero ya fi ni tsayi, ya fara fid da kai.

Hanyar dajin da sarkin tasha ke nufi tana bi ta bayan garinmu, ta ƙetare korama a ƙasan rijiya. Da damina babu wani wurin ƙetarawa sai nan. Ya san haka, shi ya sa ya kira ni. Na so in ƙi. Sai na ga in na ƙi wani zai kai shi, ta nan ɗin dai za su bi, kuma ba idona a kansa. Gara ni. Na ƙudura ba zan gaya masa garinmu ne ba. Mu kashe inji, mu tura, mu ƙetare, mu bi ƙasan gaɓa mu wuce. Ba shiga gari, ba wanda zai tambaye ni komai.

Baƙon ya cika mini tanki, muka tashi da hantsi.

A shingen fita gari jandarma suka tsayar da mu. Suka karɓi takardunsa, suka sa ya buɗe akwatunan. Na matsa kusa in gani. Tufafi, ƙaramin tanti, kayan faci, da magunguna cikin leda, da yawa. Ya ce kantin magani gare shi a Kumasi. Masu zaman daji da bindiga ma babu abin da suke nema kamar magani. Babban jandarman ya duba takardun, ya buga waya, ya rubuta sunayenmu a littafi. Ya ce da baƙon kada la'asar ta same shi a hanya, ya maimaita masa. Ni kuma ya ce mini da Zabarmanci in kula da shi.

Baƙon ya miƙo mini ɗan littafinsa mai hoto, wai ni ma in gani. Na riƙe, na mayar masa. Ban yi lakwal ba, ban iya karatun boko ba. Hoton dai nasa ne. Mai goron nan ma da katinsa a aljihu yake yawo.

Ni gaba, shi baya. Jar hanya ce cikin babban kwarin da muke kira dallol, tsauni a gefe, gero kore ko'ina. Madubina ɗaya ne. Na karkata shi ya daina nuna mini hanya, ya koma nuna mini shi. A saman hular kwanonsa akwai wani ɗan baƙin akwati mai ido ɗaya, da jar wuta tana ƙyaftawa. A kan babur ɗin kuma ya ɗaure wata waya da ke zana layi duk inda muka bi.

Ya iya tuƙi, wannan ba zan hana shi ba. In an zo wurin yashi sai ya miƙe tsaye a kan babur kamar mai leƙen katanga. Yana ɗaga wa kowa hannu, mai jaki, mai itace, mata a gona. Ba wanda ya ɗaga masa. Suna tsayawa su bi mu da ido har mu ɓace.

Gaban garin Tukunus muka tarar da garken jajayen shanu suna ƙetare hanya. Ya tsaya, ya sauka, ya ɗauki hoto.

"Maigida, duk na mutum ɗaya ne?"

"Ban sani ba."

"Za su kai ɗari biyu ko?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga har tamanin na ɓace."

Makiyayin, wani dattijon Bafillace, ya ji shi. Ya dube ni, ya dubi babur ɗin, ya kaɗa shanunsa da sauri. Ko sallamata bai amsa ba. A ƙasarmu a shekarun nan, mutum iri ɗaya ne ke zuwa a babur ya ƙirga shanun wani: wanda zai dawo da bindiga ya ce a fid da zakka.

Na ce, "Kada ka ƙara ƙirga dabbar kowa."

"Laifi ne?"

"Kada ka ƙara."

Ya ce to. Da sauri ya faɗa, ba gardama. Ban ji daɗin saurin ba. Wanda bai san dalili ba yakan sake tambaya.

Kafin mararraba muka bar jar hanya muka shiga ta amalanke. Ƙasa jiƙe, tabki nan tabki can, gero ya rufe mu har ba ka ganin taku ashirin a gabanka. Na waiwaya na ga sawun tayarsa a laka. Ko makaho zai bi shi da tafin ƙafa. Sawu kuwa ruwa ɗaya ke goge shi. Layin da wayar ke zanawa shi ne ya dame ni, domin ba ruwan da zai goge shi. Duk wanda aka miƙa wa wayar nan zai zo har bakin koramarmu bai tambayi kowa ba.

Sai na yi dabara. Na karya hagu inda ya kamata in miƙe. Na zagaya da shi ta bayan wani tsauni, na ratsa fako, na sauka wani kwari, na sake hawa. Na ce ko mutum ne ko inji, in an juya shi sau uku zai ruɗe. Mun ci kusan awa ɗaya a haka. Hannuna na hagu ya fara zafi, yatsu uku ne ke aikin biyar.

A bakin wani tabki ya danna mini oda. Na tsaya. Ya ƙaraso yana nuna wayar.

"Maigida, ba mun wuce tabkin nan ɗazu ba? Dubi, mun yi zobe."

Na duba. Layin ya yi zobe sosai, kamar na hancin bijimi. Kuma ga inda ya kamata mu bi, a fili.

Na ce, "Can akwai laka."

"To. Kai ne mai ƙasa."

Ya biyo ni. Ko ya yarda, ko ya bar ni in ɗauka ya yarda.

Lakar gaske muka samu gaba kaɗan. Babur ɗinsa ya kwanta da shi. Mu biyu muka ɗaga shi da ƙyar, ya fi buhun gero biyu nauyi. Shi kuwa yana zaune cikin laka yana dariya.

"Faɗuwa ta bakwai ke nan tun daga gida. Matata ta ce in na kai goma in sayar da shi in sayi jaki."

"Tana da hankali."

"Shi ya sa na bar mata kanti."

Azahar ta same mu ƙarƙashin wata aduwa. Na fito da taba na miƙa masa. Masu zaman daji ba sa sha, dukan mai sha ma suke yi. Ya girgiza kai.

"Ni da nake sayar da maganin tari? Kai ma ka bari, maigida."

Ya cire babbar rigarsa zai yi alwala. Singileti ce a ciki. A kafaɗarsa ta dama akwai baƙin layi, fata ta yi tauri, irin abin da maɗauri ke bari in an daɗe ana rataya abu mai nauyi. Na san irin layin. Na zagaya kamar zan ɗauki buta, na dubi hagu. Can ma akwai. Jakar ruwan da yake goyo maɗauri biyu gare ta, bindiga kuwa ɗaya. Hankalina ya ɗan kwanta. Sai na tuna jakar harsashi ma goya ta ake yi.

Ya ce in ja salla. Na ce shi ne babba. Gaskiyar magana, ba na son ya tsaya a bayana. Ya ja. Wandonsa ya rufe idon sawu, ba ɗangalalle ba ne kamar na mutanen daji. A cikin ruku'u na lura da wannan, Allah ya yafe mini. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Ya buɗe gwangwanin kifi, ya raba burodi biyu. Na bari sai da ya fara ci. Idonsa ya sauka a hannuna.

"Me ya sami yatsun?"

"Inji."

"Na niƙa?"

"I."

Ya dubi hannun sosai, ya dube ni, ya ci gaba da cin abinci. Ya san ba inji ba ne. Ko don ya saba ganin rauni, ko don ya saba yin sa.

Na ce, "Alhaji, mu biyu ne nan. Wa ya aiko ka?"

Ya daina tauna.

"Shekara ashirin da shida ina tsaye bayan tebur ɗaya, ina kallon titi ɗaya ta ƙofa ɗaya. Mutanenku suna zuwa sayen magani. Wannan ya ce shi ɗan Kurfey ne, wancan ɗan Adar. Na ce kafin gwiwa ta ƙi, bari in je in ga inda suke fitowa."

"Ka gani?"

"Ina gani."

"Mi ka gani?"

"Gero. Da mutum ɗaya da bai yi mini dariya ba tun safe."

Maganar ta yi kama da gaskiya. Ni kuwa na taɓa jin magana mai kama da gaskiya.

Ya fito da wata waya daga aljihu, ya ɗaga ta sama yana juyawa. "Nan babu reso?"

"Babu."

"Sai ina?"

A garinmu sai an hau tudun bayan masallaci waya ke kamawa, kuma nan ake tsayawa a kira soja. Ba abin da zan gaya wa baƙo ba ne.

Rana ta karkata sosai kafin mu iso gawon. Da ban yi zoben nan ba, da mun wuce tun da sauran lokaci. Na tsaya na kashe, na ɗaga masa hannu ya kashe. Gawon yana da nisa da gari, iska kuma daga can take busowa. Ba wanda ya ji mu.

Na ce, "Daga nan turawa za mu yi. Cire hular. Kashe wancan mai idon."

"Akwai gari a gaba?"

"Akwai. Ba shiga za mu yi ba. Mu ƙetare korama mu wuce."

"Ka san mutanen?"

"Sama-sama."

Gonar da muke tsaye a gefenta tawa ce.

Muka tura tsakanin gero. Nawa ba nauyi. Nasa kuwa taku hamsin sai ya tsaya ya huta, sanƙonsa yana zuba zufa. Muka gangara korama. Ruwa ya janye, ya bar jiƙaƙƙen yashi mai cin ƙafa. Na ƙetarar da nawa, na dawo muka kama nasa mu biyu. Taku goma, tayar baya ta nutse har gindin akwati.

Daga inda muke ina jin mata a rijiya, a saman gaɓa. Ina jin igiya tana gurzar itace. Ina jin muryar matata tana gardama da wata a kan wa ta riga wa.

Muka tona da hannu, muka cusa rassa. Bai motsa ba. Na ce mu kwance akwatunan, ya ce da ƙusa aka ɗaure su, zai ci lokaci. Ya dubi rana.

"Maigida, in na tayar da shi, numfashi biyu ya fita. Jandarma ya ce kada la'asar ta same ni a hanya."

"Kada ka tayar."

"Numfashi biyu kawai."

"Na ce kada."

Na juya in samo wani reshe. Ban yi taku biyar ba na ji shi.

Tsakanin gaɓa biyu, kukan babur ɗin nan ya zama kamar na babura goma. Ya fita kuwa, numfashi biyu, kamar yadda ya ce. Amma bai iya karya shi dama ya bi ƙasan gaɓa ba. Ya miƙe da shi ya haye gaɓa, ya tsaya a bakin rijiya.

Na bi shi da gudu. Da na hau, babu mutum ko ɗaya. Tuluna a kife, takalma ɗaya-ɗaya. Jakin da ke jan guga yana tafiya shi kaɗai da igiya, ya kai inda ya saba tsayawa ya tsaya. Daga cikin gari ana jin ƙofofi da kukan jarirai. Gero yana motsi ta ko'ina. Babu mai ihu, mutanenmu sun koyi gudu shiru. Na hango matata tana shiga geron maƙwabcinmu da goyo a bayanta. Na kira sunanta. Ba ta waiwayo ba. Daga baya ta ce ta ji, ta ɗauka kama ni aka yi aka sa ni kira.

Baƙon ya kashe inji. Ya ce, "Me na yi?"

"Zauna ƙasa. Sa hannunka inda za a gani."

Ya zauna. Ni ma na zauna, ɗan nesa da shi.

Mun fi rabin awa a haka. Sai maza suka fara fitowa daga gero, da adduna, da kwari da baka, da bindigar maharba biyu. Kawu yana gaba da sandarsa, ba takalmi. Hayaƙi yana tashi daga cikin gari, an bar tukunya a wuta dangar wani gida ta kama. Na ji ana cewa gwaggon liman ta faɗi a gudu ta karya hannu. Na ji an ce wani ya riga ya hau tudu ya kira soja.

Kawu bai dubi baƙon ba. Ni ya duba.

"Ɗan ƙanwata. Kai na?"

"Ni na, Kawu."

"Kai kak kawo wanga?"

"Sarkin tasha yab ba ni shi in kai Sanam. Hanya ta yanke."

"Ban tambaye ka sarkin tasha ba. Ka san shi?"

Baƙon ya juyo yana kallona. Yanzu ya gane garinmu ne. Ya ce a hankali, "Maigida, tun safe muna tare. Mun yi salla tare."

Na auna abin da na tara a kansa tun safe. Ba ɗaya da ya isa ya kama mutum. Ba ɗaya kuma da ya wanke shi. Abu na ƙarshe shi ne na ce kada ya tayar, ya tayar. Na dubi hayaƙin. Na dubi ƙetaren korama, inda kan gerona yake.

Na ce, "Ban san shi ba."

Kawu ya soka sandarsa a ƙasa. Ya sake tambaya a hankali, kamar mai magana da kurma.

"Yi tunani. Kun taho tun daga Filingue. Ka san shi?"

"Yau da hantsi na fara ganin shi. Ban san shi ba."

Gaskiya na faɗa. Har yau ba wanda zai ce na yi ƙarya.

Wani ya ce a ƙona babur ɗin. Kawu ya ce wanda ya taɓa shi ya taɓa gemunsa. Ya sa aka kawo wa baƙon ruwa a ƙwarya, aka zaunar da shi a inuwa da mutum biyu a kansa. Baƙon ya ce yana da abin ɗaure karaya, in an yarda ya duba tsohuwar. Ba a yarda ba. Bai ƙara yi mini magana ba.

Kafin magariba soja suka zo da mota biyu. Suka duba takardunsa, suka yi mini tambayoyi, suka hau tudu suka buga wa shingen Filingue waya. Ni suka bar ni. Shi suka ce sai an bincika abin da ya ɗauka a hanya. Mutum shida suka ɗaga babur ɗin zuwa bayan mota. Daga baya na ji ya kwana uku a Filingue, aka mayar da shi Yamai da babur ɗinsa a kan babbar mota. Bai ga Tawa ba. An ce ba a samu komai a ɗan akwatin nan mai ido ba sai hanya, da gero, da bayana.

Washegari da hantsi Kawu ya kira ni ƙofar masallaci. Dattawa duka suna nan. Ba a ba ni tabarma ba.

Ya ce, "Da ka ce ka san shi, da baƙonka ne ya yi wauta. Ka gyara danga, ka kira wa tsohuwa mai ɗori, a ba shi hura ya wuce. Wauta ba ta tada mutum daga gari. Sau biyu ina tambayarka don ka gane."

"Kawu, ban san shi ba. In yi ƙarya?"

"Ba ka san shi ba, kak kawo shi ƙasan rijiyar da matanmu ke ɗibar ruwa. Ta bayan gari, ba oda, ba sallama, ba ka biyo ta ƙofata ba. In wani ya yi haka, kai mi za ka kira shi?"

Na san sunan da ake kiran irin mai goron nan. Na fi kowa a garin saninsa.

Na ce na yi haka ne don idona ya kasance a kansa. Wani dattijo ya ce, "Idon naka ya hana shi mi?" Wani kuma ya ce doka ba ta faɗi abin da za a yi wa wanda ya ce bai sani ba, domin ba a taɓa zaton wani zai kawo wanda bai sani ba. Liman ya ce shi bai ce ni mutumin 'yan daji ba ne, kuma ba zai ce ba. Amma daga yau mata ba za su ji kukan babur ɗina su ci gaba da daka ba.

Kawu ya ce in tsaya in girbe gerona saboda yara. Bayan girbi in nemi wuri. Gonar ta koma hannun ƙanina. Yana faɗa yana kallon sandarsa.

Na tsaya wata biyu. Babur ɗin daga gawo nake kashe shi in turo, ko ni kaɗai ne. Ana amsa mini gaisuwa. In na zauna a majalisa sai hira ta koma kan ruwan sama. Da girbi ya zo, ni da matata da ƙanina muka yanke, ba wanda ya zo taya mu. Matata ba ta yi mini faɗa ba. Rana ɗaya kawai, muna ɗaure dami, ta ce, "Mutumin nan ya ci da kai?" Na ce i. Ta ci gaba da ɗauri.

Ko shi wane ne, ban sani ba har yau. Ba a kai wa garinmu hari a shekarar ba. Wasu sun ce wannan ya nuna ba shi da laifi. Wasu sun ce don an tafi da shi ne.

Yanzu ina Filingue, bayan kasuwa, ɗaki biyu, da matata da yara huɗu. Babur na sayar da shi da aka hana hawa. Faci nake yi a bakin tasha, tayar mota da ta amalanke. Garinmu na je sau biyu, duka ta'aziyya, kuma ban kwana ba. Nan nake zaune.